Jos, Tsibirin Da Ke Bisa Dutse: Kira Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu

Duk shekara idan azumi ya doshi ƙarewa, ko kuwa Babbar Salla ta matso, tashoshin mota na Agege da Alaba Rago da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal sukan cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar ganin gida. Da yawa daga cikinsu, musamman mutanen Bauci da Gombe da Yobe da Barno, ta Jos hanyarsu take bi. Amma in aka tare ɗaya daga cikinsu aka tambaye shi abin da ya sani game da garin, da wuya amsarsa ta wuce abu uku, watau sanyi, da shayin da ya sha a tasha da asuba, da kuma labarin rikici. Akwai wanda ya shekara ashirin yana sayar da dankalin Turawa da kabeji da karas na Filato a kasuwar Mile 12 ta Ikko, da kuɗinsu ya yi aure, da su ya gina gida, amma bai taɓa ganin gonar da suke fitowa ba.

Wannan asara ce babba, kuma ta fi faɗawa kan yaran da aka haifa a Kudu. Abin da ya kamaci magidanci mai hali, wanda ya saba kwasar iyalinsa zuwa gida sau ɗaya a shekara, shi ne ya ware kwana biyu daga cikin hutun nan ya yada zango a Jos. Dalilan haka suna da yawa, kuma tsoron da ke hana mutane yi ba a ɓoye yake ba, za a zo kansa.

Da farko dai, a dubi yadda waɗansu ƙasashe suka mai da kyan ƙasarsu abin dogaro. Morishas wani ɗan tsibiri ne a Tekun Indiya, girmansa bai kai murabba'in mil 800 ba, mutanensa kuma ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Duk da haka a shekarar 2019 baƙin da suka je yawon buɗe ido can sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, watau sun fi 'yan ƙasar yawa. Zanzibar kuwa, wadda ke gaɓar Tanzaniya, ta karɓi fiye da rabin miliyan a wannan shekara. Attajiran Nijeriya suna cikin masu biyan kuɗin jirgi su je can su ga duwatsu da tsuntsaye da ruwa mai zubowa daga tsauni. To, Tudun Jos shi ma tsibiri ne, sai dai maimakon teku, filin ƙasa mai zafi ne ya kewaye shi ta kowace fuska. Faɗinsa ya kai murabba'in mil 3,300, watau ya ninka Morishas sau huɗu. Garin Jos kansa yana bisa tsayin ƙafa 4,000 daga gaɓar teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa, da ke gabashin garin, ta kai ƙafa 6,000. Wannan tsayi shi ya ba wurin iskarsa da tsirransa da tsuntsayensa na dabam, kamar yadda teku ke ba tsibiri nasa. A watannin Disamba da Janairu awon zafi yakan sauko ƙasa da digiri 12 da dare, lokacin da mutumin Ikko ke kwana yana fifita. Turawan mulki sun gane haka tun da wuri, suka mai da Jos wurin hutunsu, har Sarauniyar Ingila ma ta yi hutun ƙarshen mako a can lokacin ziyararta ta 1956. Taken Jihar Filato kansa yana kiranta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido.

Matafiyin da ya taso daga Kudu ta Akwanga ba sai ya kauce hanya ba kafin ya fara gani. A gindin Hawan Kibo, kimanin mil 40 kafin Jos, akwai magangarar ruwa ta Assop, inda rafi ke zubowa daga kan duwatsu cikin inuwar itatuwa, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa daga bakin kwalta. Daga nan mota takan kama hawa tana nishi, kunnuwa su toshe, sai kawai a ji iska ta sake. In aka ɗan ƙara gaba sai duwatsun Riyom, manyan curi-curi da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, alhali kuwa ruwa da iska ne suka sassaƙe su cikin dubban shekaru. Ƙauyukan Birom na gefen hanya kuma, maimakon danga ko katanga, shingen ƙyarana ne ya kewaye su, ga gonakin acca a kan tudu. Yaron da ya tashi a Mushin ko Ajegunle, wanda bai taɓa ganin dutsen da ya fi gadar sama tsawo ba, abin da zai gani cikin sa'a ɗaya a wannan hanya ya fi abin da malaminsa zai zana masa a allo cikin zango guda.

Akwai kuma wani darasi da ya shafi kowane ɗan Arewa. Tudun Jos shi ne uwar koguna. Kogin Kaduna daga nan ya taso, ya ratsa garin Kaduna ya je ya faɗa Kwara. Kogin Gongola daga gabashin tudun ya gangara, ya shayar da ƙasar Bauci da Gombe kafin ya haɗu da Binuwai a Numan. Rafin Dilimi, wanda ya raba garin Jos, arewa ya nufa, ruwansa ya bi ta Jama'are ya shiga Yobe har Tafkin Chadi. Saboda haka manomin rani na Katagum da masuncin Gashuwa da mai wanki a bakin gadar Kaduna duk daga tulu ɗaya suke sha. Uban da ya tsai da ɗansa a kan Shere ya nuna masa haka da yatsa, ya koya masa haɗin kan ƙasa fiye da jawabin kowane ɗan siyasa.

A cikin gari, wurin da ya fi cancantar a fara da shi shi ne Gidan Adana Kayan Tarihi, wanda wani Bature masanin tarihi, Bernard Fagg, ya kafa aka buɗe a 1952. Asalinsa daga ramin kuza ne. A 1928 masu haƙa a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba ta Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya ɗora bisa sanda a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Da ya gwama su sai ya gane aikin al'umma ɗaya ne, wadda ta rayu a tsakiyar ƙasar nan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ta kuma san narkar da tama. Yau duk wani babban littafin tarihin Afirka da sunan Nok yake farawa in ya zo kan Nijeriya. A wannan gida har wa yau akwai zauren tukwane da aka tattaro daga sassan ƙasa dabam-dabam, da tarin tsofaffin littattafan Larabci da na ajami rubutun hannu, da kawunan jirgin ƙasa na tsohuwar ƙaramar hanyar dogo da ta haɗa Zariya da Jos daga 1914 har aka rufe ta a 1957.

Amma abin da zai fi taɓa zuciyar Bahaushe yana bayan gidan, a filin gine-ginen gargajiya da aka tsara a shekarun 1970 bisa aikin wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya shekara da shekaru yana yawo yana aune gine-ginen ƙasa na Nijeriya. A can aka kwaikwayi wani ɓangare na ganuwar Kano, da ginin fadar Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Na Zariya an kewaye shi da ginin zamani, kamanninsa na waje sun sake; badalar Kano kuwa kowa ya san yadda gidaje da shaguna suka cinye ta. Ashe ke nan ɗan Bakano ko ɗan Bazazzagin da aka haifa a Agege, in yana son ganin bakan gizo da azara da tubali kamar yadda kakanninsa suka sarrafa su, Jos na cikin 'yan wuraren da suka rage masa.

Tarihin kuza shi ma nasa ne. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai suna narkar da kuza suna fatauci da ita, kuma sawunsu ma'aikatan Kamfanin Neja suka bi har suka iso Narkuta a farkon ƙarni na 20. Ƙasar ta Birom da Anaguta da Afizere ce da sauran ƙabilun tudu, su ne suka yi asarar gonaki. Lebura kuwa daga ko'ina suka zo, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, har da Kudu, waɗansu da ƙafarsu don neman kuɗin haraji, waɗansu kuma aikin tilas ya kawo su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da yunwa suka kashe da yawa. A 1943 kuzar da aka fitar ta kai wajen tan 17,000, Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen duniya a wannan sana'a. Sunayen Hausa irin su Barikin Ladi da Sabon Gidan Kanar da Gangare duk shaidar wancan zamani ne. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, aka bar ramuka fiye da dubu cike da ruwa. Waɗansunsu sun ci rayukan mutane da dabbobi, waɗansu masu noman rani suna ban ruwa da su, ɗaya kuma a Rayfield an mai da shi wurin shaƙatawa da kwale-kwale. Mazaunin Kudu da ya tsaya bakin irin wannan tafki zai ga cewa ci-rani ba a kansa aka fara ba, kuma arzikin da ake tonowa daga ƙasa yana da ranar ƙarewa.

Mai son namun daji yana da gandun dabbobi na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, fili ne mai faɗin kimanin murabba'in mil 3 a gefen gari. Mai son tsuntsaye kuwa sai ya nufi kurmin Amurum kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take tun 2001 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. An ƙirga irin tsuntsaye wajen 300 a wannan ɗan kurmi, cikinsu har da wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu wanda masana ba su san da shi ba sai a 1998. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa nan neman digiri, mutanen gida kuwa suna wucewa a mota ba su waiwaya ba.

Wanda ke da kwana uku ko huɗu yana iya zarcewa. A Kurra akwai tafkuna da magangarar ruwa inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya samar da lantarki da ƙarfin ruwa don ramukan kuza, tun ana kunna fitilar aci-bal-bal a yawancin biranen ƙasar nan. A ƙasar Mangu akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, da maɓuɓɓugar Kerang wadda ruwan kwalba na Swan ke fitowa daga gare ta. Can kudu maso gabas, fiye da mil 100 daga Jos, Dutsen Wase ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili kamar turmin da aka kife, ana hangensa tun daga nesa, kuma yana cikin 'yan wuraren da kwasakwasa ke ƙyanƙyasa a Afirka ta Yamma. A kudancin jihar kuma akwai gandun Pandam da tafkinsa, mazaunin dorina da kada.

To, sai maganar tsoro, wadda ba ta wasa ba ce. Jos ta ga tashin hankali a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, aka yi asarar rayuka masu yawa daga kowane ɓangare, unguwanni suka rabu bisa addini. Babbar kasuwar Taminus, wadda a da ake alfahari da ita, ta ƙone a 2002. A watan Agusta na 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba, suna dawowa daga Bauci za su koma Ikare ta Jihar Ondo, aka kashe fiye da 20 daga cikinsu. Mazauna Kudu ne kamar masu karanta wannan shafi. A jajibirin Kirsimeti na 2023 kuma mahara suka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, suka kashe mutum fiye da 100. Wanda ya ce wa magidanci ya manta da waɗannan ya ɗauki iyalinsa ya shiga ko'ina, bai yi masa nasiha ba.

Amma akwai bambanci tsakanin taka-tsantsan da ƙaura. Motocin kayan gwari suna lodi a kasuwar Farin Gada kullum, direbobi suna kwana a garin, ɗalibai daga kowace jiha suna karatu a jami'a. Wanda bai fasa bin hanyar don neman riba ba, ba shi da hujjar fasa tsayawa don neman ilimi. Dabarar ita ce ta matafiyan da: a tambayi 'yan'uwa mazauna garin halin da ake ciki kafin a taso, a yi tafiya da rana, a sauka inda aka sani, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, in an ji ƙishin-ƙishin na tashin hankali a wani yanki a bar shi sai wata shekara. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wuraren cikin gari kamar gidan tarihi da gandun dabbobi da Rayfield sun isa ziyarar farko. Baƙo kuma ya shiga da ladabi, ya gai da dattawan wuri, ya nemi izini kafin ya hau dutse ko ya ɗauki hoto, domin akwai duwatsu da kurmi masu alfarma ga masu su. Mazaunin Sabo ya fi kowa sanin yadda ake zama a ƙasar wani.

Ƙauracewa ma tana da nata sharri. Idan Musulmin Kano ya daina sayen gasasshiyar masara a hannun matar Birom a Assop, ita kuma ɗanta ya tashi bai taɓa ganin Bahaushe ba sai a labarin faɗa, to, bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Saurayin da ke samun abincinsa daga yi wa baƙi jagora a Riyom shi ne zai fara tsawata wa mai son tare hanya. Zumunta a ƙafa take, kuma ciniki ya sha sulhunta waɗanda taro bai sulhunta ba.

Hukuma ita ma da nata laifin. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, balle a Jos inda ruwan sama ke kai inci 55, amma an sha barin gine-ginen gargajiyan nan damina ta yi ta cinsu. A 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihi suka kwashe waɗansu kayayyaki masu daraja, waɗansu sai a kasuwannin Turai aka sake jin labarinsu. A watan Disamba na 2015 zaki ya kuɓuce daga gandun dabbobi, aka ƙare da harbe shi. Jirgin ƙasa da a da yake kawo fasinja daga Ikko da Fatakwal ta Kafanchan ya daɗe da zama labari. Ya wajaba Hukumar Gidajen Tarihi ta Tarayya da Gwamnatin Jihar Filato su tsai da kuɗin gyara na kowace shekara, su ɗauki magina na gargajiya daga Zariya da Kano su riƙa yaɓe da kuma horar da samari, su sa allunan bayani da Hausa tare da Turanci, su tanadi masallaci da makewayi mai tsabta a kowane wuri, su kuma tabbatar da tsaro a hanyar Akwanga dare da rana. Sai dai hukuma takan gyara abin da ta ga jama'a sun damu da shi. Ƙofar da ba a shiga, gizo-gizo ke yi mata saƙa.

A nan ne ƙungiyoyin 'yan Arewa na Kudu suke da abin yi. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, da ƙungiyoyin 'yan gwari da 'yan shanu, da makarantun Islamiyya, sun iya haɗa mota guda don biki ko ta'aziyya. Ba abin da zai hana su haɗa mota guda a hutun ƙarshen shekara, su kai yara talatin Jos tare da malamai biyu. Kuɗin shiga waɗannan wurare bai kai na ɗinkin Salla ba, kuma babu biza, babu canjin dala. Wanda ya ce wannan yawon banza ne, ya tuna cewa magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi, gani kuma ya kori ji. Yaron da aka haifa a Kudu, wanda Yarbancinsa ya fi Hausarsa, yana bukatar ya ga cewa Arewa ba ta tsaya ga zafi da ƙura da labarin bindiga ba. Tana da tsauni mai hazo, da koguna, da tarihin shekara dubu biyu, da gine-ginen da masana suka ƙetaro teku don su auna.

Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, ya kuma sa a wannan karon a tsaya a gani.